Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa Kan Gasa Burodi da Ajiyarsa

Waɗannan su ne tambayoyin da ake ta maimaita mini game da burodin kanti da kek da sauran kayan gashi da ake sayowa a ƙarasa aikinsu a gida. Na tara su wuri ɗaya ne domin duk wanda ya sake aiko da ɗaya daga cikinsu in nuna masa nan. Mafi yawansu sun samo asali ne daga kasa bambance burodin da ya yi tauri saboda kwana da burodin da ya lalace. Na farkon wuta tana gyara shi, na biyun kuwa babu abin da ke gyara shi. Duk inda na ambaci digiri, ma'aunin Selsiyus nake nufi.

Burodina ya yi fumfuna a gefe ɗaya. In yanke wurin in gasa sauran?

A'a, ku zubar da shi gaba ɗaya, kuma na sa wannan tambaya a farko ne saboda ita ce wadda ake yi mini gardama a kanta. Tabon kore ko baƙi da kuke gani kan tsiron ne kawai, saiwoyinsa sun riga sun ratsa cikin burodin inda ido ba ya kaiwa, domin burodi abu ne mai laushi da ƙofofi. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta yarda a yanke wurin da ya yi fumfuna a jikin cuku mai tauri, a haɗa da kimanin santimita 2.5 na kewayensa, amma a kan burodi da kayan gashi shawararta ita ce a zubar. Gashi ma ba ya ceto shi, saboda wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da guba wadda zafin tosta, wato na'urar lantarki ta gasa yankan burodi, ba ya rusa ta, ko da ya kashe fumfunar kanta. Idan yankakken burodi ne a cikin leda kuma yanki ɗaya ya nuna tabo, to ledar duka ta tafi. Kada kuma ku kai shi hanci don ku tabbatar, domin ƙurarsa kuke shaƙa. Ku wanke mazubin da kuke ajiya a ciki, ku bar shi ya bushe sarai kafin ku sa sabo.

Me ke sa burodi ya yi ja idan an gasa shi?

Sukari da furotin da ke cikinsa ne suke haɗuwa idan fuskar burodin ta bushe kuma zafi ya kai wajen digiri 140. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan haɗuwa a shekarar 1912, kuma daga gare ta launi da ƙamshin suke fitowa. Abin da zai amfane ku a nan shi ne burodi mai sukari ko madara ya fi saurin ƙonewa, don haka ku rage masa wuta.

Lambobin da ke jikin tosta mintuna ne?

A yawancin tosta ba mintuna ba ne, matakan ja ne kawai, kuma lamba uku a wannan na'ura ba lallai ta yi daidai da lamba uku a waccan ba. Ku fara daga tsakiya, ku duba abin da ya fito, ku gyara. Zubi na biyu yakan fi na farko saurin yin ja saboda na'urar ta riga ta ɗauki zafi.

Zan iya shafa bota kafin in saka a tosta?

Kada ku kuskura. Botar za ta narke ta zuba a kan wayoyin wuta da ɓurɓushin da ya taru a ƙasa, daga nan sai hayaƙi, wani lokaci har da gobara. Wanda yake son burodi ya gasu da botarsa ya yi amfani da kasko. Tun da an zo nan, bari in ƙara da abin da ba a tambaye ni ba: akwai ɗan faranti a ƙasan tosta wanda ake zarowa a kakkaɓe, kuma mutane da yawa sun shekara da na'urarsu ba su taɓa zaro shi ba. Idan burodi ya maƙale, ku zare filogi daga bango tukuna, ku bar ta ta huce, kuma ko da wasa kada ku zura wuƙa ko cokali a ciki alhali tana haɗe da lantarki.

Ina ya kamata in ajiye burodi, a waje, a firji ko a firiza?

Wannan tambaya ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya amsa muku ita da kalma guda bai tsaya ya tambayi halin da kuke ciki ba. Sai an fara fahimtar abin da ke sa burodi tauri. Akan ɗauka bushewa ce kawai, wato ruwan jikinsa ne ya gudu. A shekarar 1852 Jean-Baptiste Boussingault, wani masanin kimiyya a Faransa, ya rufe burodi a mazubin da iska ba ta shiga, ruwa bai sami hanyar fita ba, amma duk da haka burodin ya yi tauri. Da ya ɗumama shi zuwa kimanin digiri 60 sai laushinsa ya dawo. Abin da ke faruwa shi ne sitacin fulawa yana shan ruwa ya kumbura lokacin gashi, idan burodi ya huce kuma sai ya riƙa harhaɗewa sannu a hankali yana matse ruwan daga jikinsa, ruwan ya nufi ɓawo. Shi ya sa kwanannen burodi cikinsa yake tauri yana ɓarɓashewa, ɓawonsa kuma ya saki.

Wannan harhaɗewar sitaci ta fi sauri a sanyin da ke dab da daskarewa, wanda shi ne daidai sanyin firji, wajen digiri 4. Saboda haka burodin firji yana riga na waje yin tauri. Sai dai kuma firjin yana jinkirta fumfuna ƙwarai. Kun ga ke nan kowane ɓangare akwai riba akwai asara, kuma abin da za ku zaɓa ya dogara da wace asarar ce ta fi kusa da ku.

Idan za ku cinye burodin cikin kwana biyu ko uku, kuma ɗakin ba shi da zafi da laima sosai, ku bar shi a waje cikin ledarsa a ɗaure, nesa da rana da murhu. Saman firji ma ba wurin ajiya ba ne, duk da cewa nan hannu ya fi saurin kaiwa, domin yakan yi ɗumi. Idan kuwa kuna inda zafi da laima suke haɗuwa har burodi ya yi tabo kafin a kai rabinsa, to ba zan hana ku firji ba, ko da yake masu sana'ar gashi da yawa za su ɓata rai. Sharaɗin kawai shi ne ku amince cewa kowane yanki sai ya bi ta wuta kafin ya shiga baki, domin taurin firji gashi yana warware shi, ita kuwa fumfuna ba ta warwaruwa.

Abin da ya fi duka, ga mai hali, shi ne firiza. A digiri 18 ƙasa da sifiri ruwan ya daskare, sitaci ya tsaya inda yake, fumfuna ma ba ta motsi. Amma firiza tana mayar muku da abin da kuka ba ta ne, don haka ku sa burodin ranar da kuka saya, ba ranar da kuka ga ya fara tsufa ba. Ku yanka shi tukuna, ku kasa shi daidai cin lokaci ɗaya, ku matse iskar ledar kafin ku ɗaure. Yankin da ya daskare yana shiga tosta kai tsaye ba sai ya narke ba, illa dai a ƙara masa ɗan lokaci. Yakan kai wata uku da daɗinsa. Bayan haka ba zai cutar ba, amma gefensa yakan yi fari ya bushe, ya kuma ɗauki warin abin da ke kusa da shi.

Duk wannan ma sai an dubi irin burodin. Mai mai da ƙwai da sukari ya fi jinkirin yin tauri, haka ma burodin masana'anta da aka sa wa sinadaran tausasawa, saboda haka firji ba ya yi musu illa kamar yadda yake yi wa burodin da ba shi da komai sai fulawa da ruwa da gishiri da yis. Shi wannan na ƙarshe, mai ɓawo mai ƙaras-ƙaras, leda tana kashe masa ɓawo, takarda ta fi dacewa da shi, kuma gaskiyar magana an yi shi ne don a ci a ranar. Idan kuka sayo burodi da sauran ɗuminsa, ku buɗe bakin ledar har ya huce, in ba haka ba tururin zai zama raɓa a ciki, kuma a wannan raɓar fumfuna take farawa.

Saura batun firizar da ta narke saboda an ɗauke wuta ko an bar ƙofa a buɗe. Burodi tsagwaronsa, idan babu tabo babu baƙon wari, ana iya sake daskarar da shi, sai dai kowane zagaye yana rage masa daɗi, kuma idan ƙanƙarar cikin ledar ta narke ta jiƙa shi, gara a gasa a cinye a ranar. Abin da ke da nama ko ƙwai ko kirim a ciki hukuncinsa daban ne, za ku gan shi a ƙasa. Ni dai abin da na fi so shi ne a raba burodin biyu tun ranar farko, rabi a waje rabi a firiza, amma na san ba kowane gida ne wannan zai yi wa daidai ba.

Burodi ya yi tauri amma babu fumfuna. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, ku kwantar da hankalinku. Idan yanki ne, tosta ko kasko ya wadatar. Idan guda ne sukutum, ku yayyafa wa ɓawon ruwa har ya jiƙe, ku sa a tanderu mai zafin digiri 180 na minti biyar zuwa goma gwargwadon girmansa. Za ku ji ɓawon ya dawo da ƙararsa idan kun danna, cikin kuma ya yi laushi yana tururi. Ku ci da zafinsa, domin da zarar ya huce zai fi da tauri, kuma gyaran ba ya yin kyau karo na biyu.

Na ɗumama a maikurowef, ya yi laushi, bayan ɗan lokaci ya gagari tauna. Me ya faru?

Abin da ya saba faruwa ne ya faru. Na'urar tana tafasa ruwan cikin burodin ya fice a matsayin tururi, kuma ba ta gasa fuskarsa. Idan babu makawa, daƙiƙa goma sun isa, a ci nan take.

An ce ƙonannen burodi yana kawo cutar daji. Gaskiya ne?

Maganar tana da tushe, amma an kambama ta. A shekarar 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa wani sinadari mai suna akirilamaid yana samuwa a abinci mai sitaci idan zafi ya wuce digiri 120, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yadda abin ya yi duhu. Tun 1994 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar ga ɗan'adam, kuma hujjar ta fi ƙarfi ne a gwajin da aka yi wa dabbobi da adadin da ya zarce abin da mutum yake ci nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a kan mutane bai nuna alaƙa tabbatacciya ba. A watan Janairun 2017 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su tsaya a launin zinariya, kada su kai ga baƙi. Wannan shawara ce mai sauƙin bi, kuma a nan ma burodin ya fi daɗi. Wanda ya ci ƙonannen yanki jiya ba shi da dalilin kwana da fargaba, amma wanda ya mayar da cin gawayi al'ada ya rage lambar tostarsa.

Gasa burodi yana rage ƙiba ko sukarinsa?

Ruwa ne yake fita, sitacin yana nan inda yake, sannan ga bota da jam da ake laftawa a kai. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Oxford Brookes a Ingila, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa farin burodin da aka daskarar ko aka gasa ba ya ɗaga sukarin jini kamar sabo. Mutum goma ne kawai aka gwada, kuma masu lafiya ne. Mai ciwon sukari kada ya ɗauki wannan a matsayin izini, ya bi abin da likitansa ya tsara masa.

Cikin burodina yana danƙo, idan na raba shi yana yauƙi, amma ban ga fumfuna ba.

Ku zubar. Wannan aikin wata ƙwayar cuta ce mai suna Bacillus subtilis da danginta, waɗanda irinsu yake jure zafin tanderu, ya farfaɗo idan burodi ya zauna a ɗumi da laima. Alamar farko wari ne mai zaƙi-zaƙi irin na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, daga baya tsakiyar ta canza launi ta riƙa jan zare. Wannan ma ba ya cikin abin da gashi yake gyarawa.

Burodin kanti ya yi mako bai lalace ba. Ba guba aka zuba masa ba?

Ku juya ledar ku karanta, ai an rubuta. Galibi za ku ga kalsiyam furofiyonet, wanda a wasu ƙasashe ake rubuta shi da lamba E282. Aikinsa hana fumfuna da wannan yauƙin da na ambata, kuma hukumomin abinci sun amince da shi a adadin da aka ƙayyade. Laushin da ke daɗewa kuwa daga hanyar kwaɓi yake da sinadaran tausasawa. A 1961 aka ƙirƙiro hanyar Chorleywood a Ingila, wadda take buga kwaɓi da inji mai sauri cikin 'yan mintuna, kuma burodin masana'anta a ƙasashe da yawa ita yake bi. Idan kuna neman abin damuwa a jikin ledar, ku dubi gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kuma burodi yana shigar da gishiri mai yawa ba tare da harshe ya lura ba. Launin ƙasa-ƙasa ma ba shaidar cikakkiyar alkama ba ce, domin ana iya rina farin burodi da ƙonannen sukari. Abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi shi ne ya fi yawa a ciki.

Idan na tsoma burodi a ƙwai da madara na soya, waje yana ƙonewa ciki yana jagab.

Laifin abu uku ne, kuma yawanci duka ukun ake haɗawa: sabon burodi, siririn yanka da wuta mai yawa. Ku nemi wanda ya kwana ɗaya ko biyu, ku yanka da kauri kamar santimita 2. Ƙwai ɗaya ya ishi madara kimanin mililita 60; idan madara ta rinjayi ƙwai, haɗin ba zai kama jikinsa ba. Burodin kanti mai laushi daƙiƙa kaɗan yake buƙata a kowane gefe, mai tauri ne ake bari ya sha sosai. Ku soya a matsakaiciyar wuta, minti biyu zuwa uku kowane gefe, har tsakiyar ta ɗan taso, idan kun danna da yatsa ta dawo ba tare da ruwa ya tsatso ba. Abincin da aka haɗa da ƙwai ana so cikinsa ya kai digiri 71, musamman idan yara ƙanana ko mai juna biyu ko tsofaffi ne za su ci. Idan sabon burodi kaɗai gare ku, ku busar da yankan a tanderu mai sassauƙan zafi na 'yan mintuna kafin ku tsoma.

Kek da fai (kwaɓin da ake gasawa da nama ko wani haɗi a cikinsa) fa, su ma a bar su a waje?

Kek tsagwaronsa yana yin 'yan kwanaki a rufe a waje, kuma firji yana taurara shi kamar yadda yake yi wa burodi. Amma duk abin da ke da kirim na madara, ko kastad, ko nama, ko kifi a ciki, wurinsa firji, kuma a nan ba na sassautawa. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, idan zafin wurin ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Kada ku dogara da hanci, domin ƙwayoyin da ke ɓata ciki ba lallai su canza wari ko ɗanɗano ba. Fai mai nama a ɗumama shi a tanderu har tsakiyarsa ta yi zafi sosai tana tururi.

Na sayi daskararren kwaɓi mai hawa-hawa, na gasa, bai tashi ba.

Kun bar shi ya ɗumama kafin ya shiga wuta. Irin wannan kwaɓi siraran shimfiɗu ne na fulawa da mai a jere, kuma tururi ne yake ɗaga su idan sanyayyen kwaɓi ya haɗu da tanderu mai zafi farat ɗaya. Ku narkar da shi a firji, ku yanka da wuƙa mai kaifi ba tare da danne gefen ba, ku kunna tanderu tun da wuri ya kai digiri 200 ko abin da aka rubuta a kwalin, kuma ku daina buɗe ƙofa kuna leƙawa.

Kwanan watan da ke jikin leda ya wuce da kwana ɗaya.

A burodi tsagwaronsa wannan kwanan wata na inganci ne, don haka ku duba shi da kyau, idan lafiya yake ku ci. A kayan da ke da kirim ko nama na kariyar lafiya ne, kada ku ƙetare shi.

Me zan yi da gutsattsarin da suka rage?

Ku busar da su a tanderu har su yi ƙaras, ku niƙa, kun sami garin burodi na shafa wa abin suya ko ɗaure niƙaƙƙen nama. Sai sun bushe ƙarau ake zuba su a kwalba, in ba haka ba fumfuna za ta bi su can. Ko ku yanka su ƙanana, ku juya su da ɗan mai da gishiri, ku gasa har su yi ja, a watsa a kan miya ko salak dab da ci domin kada su jiƙe.

Ba ni da tosta. Dole sai na saya?

Ba dole ba ne. Tostar da ke cilla burodi da kanta Charles Strite ne ya yi mata rajista a Amurka a 1921, yankakken burodin kanti kuma sai a 1928 aka fara sayar da shi, da injin Otto Rohwedder, alhali mutane sun daɗe suna gasa burodi a bakin wuta kafin a haifi su biyun. Ku ɗora kasko mai kauri a matsakaiciyar wuta ba tare da mai ba, ku ba kowane gefe minti ɗaya zuwa biyu, kuma ku tsaya a wurin. Idan kun sauke, ku jingina yankan a tsaye na ɗan lokaci maimakon ku kwantar da su a faranti, domin tururin da ke fita ta ƙasa shi ne yake jiƙa su.